Harshe a Cikin Gida Ake Koyonsa: Wata Uku a Birnin Kano

Ina so in ba ku labarin wata tafiya da na yi zuwa birnin Kano a shekarar 2018, inda na zauna wata uku a gidan wasu bayin Allah ina koyon karatu da rubutun Hausa na boko. Wani zai yi mamaki ya ce, yaya Bahaushe ɗan Bahaushe, wanda ya sha Hausa a nono, zai ɗauki jaka ya ƙetare ƙasashe don koyon Hausa? To, amsar tana nan cikin gidajenmu. Mu Hausawan Jazira da Sinnar da Shuɗin Nilu da Hausa muke magana a tsakar gida da gona da wurin biki, amma da an miƙo mana alƙalami sai hannu ya koma Larabci, domin da shi muka yi makaranta tun daga aji ɗaya har kwaleji. Ku da kuke iya karanta wannan shafi kun san ku 'yan kaɗan ne, sau da yawa ma mutum ɗaya ke karanta wa goma. Ni kaina malamin makaranta ne, na yi horon koyarwa a Bakhtur Ruda da ke Duwaim, amma kafin wannan tafiya wasiƙa mai layi goma da Hausa ta fi ƙarfina.

Abin da na samo a tafiyar, wanda kuma nake so in bar muku, shi ne rabin harshe ne kawai malami ke iya bayarwa a aji. Sauran rabin yana bakin akushi, a gidan da aka sauke ka.

Kakanninmu sun riga mu sanin haka. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a farkon 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, ya faɗi a yaƙin Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jan jama'a har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, wajen 1906, garin kuma ya ɗauki sunansa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gandun auduga na Jazira, sai maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa suka riƙa yada zango suna cirar auduga don neman guzuri. Wani ya yi niyyar damina ɗaya, sai ga shi da jikoki. Waɗannan mutane babu wanda ya buɗe musu aji ya koya musu Larabcin Sudan. A bakin hawasha suka tsince shi, da kasuwa, da gidajen da suka yi wa aiki suka ci abinci tare da masu gidan.

Kakana ya taso daga ƙasar Sakkwato, ya bi ta Kano da Maiduguri da Fort Lami, watau Njamena ta yanzu, sa'an nan Abeshe, Junaina, Fashir da Ubayyid, ya fi shekara biyu a hanya. Ni kuwa na hau jirgin sama a Khartum a farkon watan Afrilu, lokacin hutun makarantu, cikin awa huɗu ko kusa da haka muka sauka a filin jirgi na Malam Aminu Kano. Hanyar da aka bi da jaki da raƙumi da ƙafa, ana binne waɗanda kwanansu ya ƙare a gefenta, ita ce na keta ta sama tsakanin azahar da magariba. Duk tsawon tafiyar abin da ke raina ke nan.

Sanadin masaukina kuwa zumunci ne, wanda aka ce a ƙafa yake. Wani yaro Bakano da ke karatun Larabci a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa a Khartum ya taɓa yin hutun Babbar Salla a gidanmu. Da mahaifinsa ya ji ina neman wurin zama, sai ya aiko cewa, "Kun riƙe mana ɗa, mu ma za mu riƙe muku naku." Gidan yana cikin birni, ba nisa da Ƙofar Mata. Ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, da zaure babba a bakin hanya, sai soro na biyu inda aka ba ni ɗaki. Daga nan baƙo namiji ba ya wucewa, kamar dai yadda baƙo ke tsayawa a diwan a wurinmu. Maigidan dattijo ne mai sayar da yadi a Kantin Kwari. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Malam, in yana raha ya ce Malam na Sudan.

Tun daren farko ya kafa doka. Ya ji ni da ɗansa muna taɗi da Larabci, sai ya ce, "Malam, Larabci kun fi mu, ka ajiye shi sai ka koma. A gidan nan Hausa za ka ci, Hausa za ka sha." Wannan doka ta yi mini amfani fiye da kowane littafi da na saya.

Da safe nakan tafi wurin wani tsohon malamin Hausa da ya yi ritaya, mu yi awa biyu a zaurensa. Da baƙaƙe masu lanƙwasa muka fara, watau ɓ da ɗ da ƙ. Haruffan boko ba baƙi ba ne ga wanda ya yi Turanci a makarantunmu, amma waɗannan uku babu su a Turanci, kuma barin lanƙwasar yakan juya magana. Dubi baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari, da da ɗa. Daga nan muka shiga raba kalmomi, inda ya nuna mini ana haɗa "yana" da "gidansa", ana kuma raba "shi ne" da "ya ba ni". Kullum sai ya yi mini shifta, ran Alhamis kuma in kawo insha'i. Littafin karatunmu shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda shi ne kuma editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Wata rana malamin ya kai ni Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan Baturen nan Hanns Vischer da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Na kuma sayi Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda aka buga a 2006, mai bayyana Hausa da Hausa.

Akwai inda mu 'yan Sudan muke da rinjaye, kuma ya kamata mu sani. Boko ba ya nuna dogon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya ne. Ajami kuwa, da yake da baƙaƙen Larabci ake yinsa, yana nuna jan wasali da alif da wawu da ya. Duk yaron da ya yi halwa a ƙauyukanmu, watau makarantar allo, ya riga ya riƙe mabuɗin ajami. Ranar da na karɓi takardar naira dubu na ga an rubuta darajarta da ajami, na karanta ba tare da taimakon kowa ba, sai na ji kamar na gamu da ɗan garinmu a tasha.

Karatun aji ke nan. Na gida kuwa ba shi da ƙararrawa. Da hantsi da dare ana fito mana da abinci zaure, mu kewaye shi da Baba da 'ya'yansa maza da duk wanda Allah Ya kawo. A nan na gane yawan Larabcin da ya shige cikin Hausarmu, da yawan Turancin da ya shige cikin tasu. Abin da muke kira arabiya su mota suke cewa, mustashfa asibiti, jardal bokiti, tarabeza tebur, kahraba lantarki ko wuta, raksha kuma adaidaita sahu. Yaran gidan suka mai da abin wasa: su nuna abu, in faɗi sunansa na wurinmu, su faɗi nasu, wanda ya rasa ya sayo gyaɗa. Wannan cuɗanya ta Hausarmu da Larabci har masani ya yi littafi a kanta, watau Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum, a 1999.

Ta wajen itatuwa da abinci kuwa sai na ga ashe ƙasar ɗaya ce, sunaye ne suka bambanta. Aradeb ɗinmu ita ce tsamiya, tabaldi kuka, lalob aduwa, dom goruba, karkade zoɓo, waika busasshiyar kuɓewa, asida kuma tuwo. Agashe da ya zama abin marmari a Khartum da Madani ɗan'uwan tsire ne. Sai dakwa, wadda a Sudan niƙaƙƙiyar gyaɗa ce ta haɗa salatin tumatir, alhali dakuwa a Kano abin zaƙi ce da ake dunƙulawa a sayar wa yara. Lokacin cin ma dabam yake. Mu fatur sai rana ta ɗaga sosai, su kuwa tun da sassafe an karya da koko da ƙosai.

Babbar malamata a gidan ita ce yayar Baba, wadda kowa ke kira Gwaggo. Saboda tsufanta takan fito soro bayan isha'i ta zauna a tabarma, jikoki su kewaye ta. Da ta saurari maganata kwana biyu, tana jin ina cewa "wanga" da "mi kaka so" da "tahi", sai ta ce, "Ɗan nan, Hausarka ta Sakkwatawan da ce. Haka nake jin 'yan koli suna yi a ƙofar gidanmu ina yarinya." Ashe abin da kakana ya ɗauko a bakinsa ya tsallake Chadi da Darfur da Kurdufan, ya wuce ta bakin mahaifina, ya iso gare ni bai zube ba. Wani dare ta buɗe tatsuniya, sai ga Gizo da Ƙoƙi, labarin nan dai da kakata ke ba mu a bakin tur'a lokacin cirar auduga. Na riga jikokinta sanin ƙarshensa. Ta dube ni ta ce, "To, ai kai ɗan gida ne, hanya ce ta yi maka nisa."

A wurinta da wurin Baba na koyi abin da ƙamus ba ya koyarwa, watau inda kalma take zama da inda ba ta zama. Ba a ce dattijo ya mutu, sai ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya. Mace ba a cika cewa ta haihu a gaban manya ba, sai ta sauka. Uwar gida ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta kuma kama sunan mijinta. Gaisuwa kuma aba ce mai tsari. Mu a Sudan mukan dafa kafaɗar juna sa'an nan mu yi musabaha, babba da yaro. A Kano yaro yakan rusuna, ya jira babba ya miƙo hannu, a bi ta kwana da gajiya da iyali da zafin gari ɗaya bayan ɗaya kafin a taɓo abin da ya kawo mutum. Wasu daga cikin waɗannan al'adu suna nan wurin tsofaffinmu, wasu kuwa sun fara sulalewa daga hannun samari.

Da yamma nakan bi ƙaramin ɗan gidan mu shiga gari. Mun je marinar Ƙofar Mata, mun hau Dala, mun shiga Gidan Makama, mun ratsa lungunan kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Kasuwa ma makaranta ce. Ka taya, mai kaya ya ce "albarka", ka ƙara, ya ce "na sallama", ka nemi gyara a ba ka. Duk inda aka ji daga Sudan nake sai fuska ta sake, wani ya ce kakansa ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba, ko na san zuriyarsa? Masu ilmi kuma suka tuna mini cewa a 1934 malamai daga Sudan ne suka zo koyarwa a makarantar shari'a ta Kano, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, kuma Shaihu Abubakar Gumi ya yi karatu a Bakhtur Ruda wajen 1954. Ita ma Bakhtur Ruda a 1934 aka kafa ta. Ashe zirga-zirgar neman harshe tsakanin ƙasashen nan biyu ta girme mu duka.

Azumi ya same ni a can, a tsakiyar watan Mayu. Na yi kewar hilu-mur, na yi kewar yadda mutanen Jazira ke fito da faranti bakin titi su tare motoci su tilasta wa matafiya shan ruwa. Amma kunun tsamiya da ƙosai a ƙofar masallacin unguwa sun share mini hawaye. Daga goma ga wata yara suka fara tashe, suna bi gida gida da wasanni na ban dariya masu ɗauke da gargaɗi. Tafsiri kuma ya zame mini darasi na musamman, domin ayar da na sani da Larabci sai in ji malami ya warware ta da Hausa tsantsa, ina rubuta kalmomin a ɗan littafina. Da Salla ta zo a tsakiyar Yuni, Baba ya ɗinka mini riga da hula irin na 'ya'yansa, muka je kallon hawan Sarki tare. Kuɗin ɗaki ko na abinci kuwa ya ƙi ko da jin zancensu. Abin da na iya shi ne tsarabar turaren wuta da humra da na zo da ita, da buhun shinkafa da na sa aka shigar cikin gida da azumi ba tare da shawara da shi ba.

Wannan hanya ta koyon harshe wasu al'ummu sun mai da ita tsari. Masu son koyon Sifaniyanci daga Amurka da Turai sukan tafi birnin Salamanka a ƙasar Sifen, ko Antigwa a ƙasar Gwatamala, makarantar ta haɗa ɗalibi da wani iyali, ya yi darasi da safe, ya ci abinci da masu gida, ya biya kuɗin mako. Su da kuɗi da takarda suke yi. Mu kuwa muna da shi tun zamanin fatake, lokacin da mai zuwa Gwanja sayen goro yakan sauka wurin fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya yi masa tafinta, ya nuna masa al'adar gari. Abin da ya rage mana shi ne mu farfaɗo da shi saboda ilmi, kamar yadda aka yi shi saboda ciniki.

Wani abu kuma da zaman ya koya mini shi ne matsayina. A nan gida akan kira mu Fallata ko Takari, wani lokaci da niyyar nuna mana cewa mu baƙi ne. A Kano kuwa kowa Basudane yake kirana, kuma gaskiyarsu, domin kafin wata biyu raina ya koma kan kisra da jabana da iskar bakin kogi. Sudan ce ƙasata, a nan aka binne mahaifina da kakana, Hausa kuma harshen gidanmu ne. Ɗaya ba ya korar ɗaya. Ina faɗin haka ne domin bayan jinin da aka zubar a Rusairis da Damazin a watan Yulin 2022, da Wad al-Mahi a watan Oktoba, na ga iyayen da suka hana 'ya'yansu yin Hausa a waje saboda tsoro. Ba na zarginsu, wanda ya ga abin da suka gani dole ya yi taka-tsantsan. Sai dai harshen da aka hana shi fita, in ba a rubuta shi ba kuma ba a raya shi a cikin gida ba, jikoki ba za su same shi ba.

Da na dawo na buɗe ɗan aji a diwan ɗinmu bayan la'asar, ina koya wa yara boko da ajami tare, har yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu, 2023 ya iso yankinmu. Madani ta faɗi a Disambar 2023, Sinja a Yunin 2024, kafin sojoji su karɓe Sinja a Nuwambar 2024 da Madani a Janairun 2025. A tsakanin nan jama'armu ta watse, wasu Gadarif da Kasala da Bur Sudan, wasu Masar da Habasha da Saudiyya, wasu har Nijeriya. Da yawa daga samarinmu sun sami kansu a gidajen mutane ba da shirinsu ba.

Ga waɗannan, da duk mai niyyar fita neman harshe, Hausa ne ko Turanci ko wani, ga 'yar shawarata. In da hali ka zauna cikin iyali, kada ka tare a ɗakin 'yan garinku inda za ku wuni kuna harshen da kuka riga kuka iya. Ka nemi malami na awa ɗaya ko biyu saboda ƙa'ida, sauran yinin ka bar wa kunnenka. Ka riƙe ɗan littafi a aljihu. Ka yi abota da yara da tsofaffi, domin yaro ba ya jin nauyin gyara maka, tsoho kuma ba ya gajiya da ba da labari. Ka ci abin da aka ci, ka kiyaye iyakar da aka yi wa baƙo, ka sa hannu a hidimar gida tun ba a roƙe ka ba, ka tuna baƙo raɓa ne, abin da zai bari a baya shi ne halinsa. Da dare kuma ka ba ƙannenka tatsuniya da Hausa, ko da a wace ƙasa kuke.

Mu da muke gida kuma, in Allah Ya kawo zaman lafiya ɗaliban Nijeriya da Nijar suka dawo neman Larabci, mu buɗe musu diwan ɗinmu. Mu ba su Larabci a bakin faranti, su ba 'ya'yanmu rubutun Hausa, kowa ya amfana. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ita kuwa ko yaƙi bai ƙwace mana ita ba.

Allah Ya saka wa mutanen gidan nan na Kano da alheri, Ya jiƙan kakanninmu da suka kwanta a hanya, Ya mai da waɗanda suka watse gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu. Amin.